Hansatu 'Yar Mai Batir

A Rano, idan ka bi hanyar da ta taso daga kasuwa ta nufi tasha, akwai wani gida mai zauren ƙasa wanda ciyawa ba ta fitowa a ƙofarsa ko da damina. Gidan Malam Ɗantala mai batir ke nan, a nan aka haifi Hansatu. Ni Salamatu katangarmu ɗaya da su. Tare muka yi firamare, tare muka yi sakandaren 'yan mata, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma ita ta gaya mini.

Malam Ɗantala ya daɗe a sana'arsa. Direbobi su kawo masa batir, ladanai su kawo na lasifikar masallaci, mutanen Madachi da Dawaki su ɗoro nasu a keke don su samu na kunna talabijin. Idan batir ya mutu sai ya fasa shi, ya zaro farantan dalmar da suka ruɓe, ya narka wata a ludayin ƙarfe a kan garwashi, ya zuba sababbin kawuna, ya ɗura ruwan batir, ya jona a caji. Ba shi da rigar da ba ta da huji. Mutum ne mai yawan raha a da, har yara ke taruwa suna kallon dalma tana narkewa kamar man shanu.

Hansatu ta taso tana miƙa masa kaya. Da muka shiga ajin kimiyya, ranar da malaminmu ya zana batir a allo ya fara bayanin yadda wuta ke kwanciya a cikinsa ta kuma tashi, sai na ga ta zauna daram kamar an kira sunanta. Abin da take taɓawa tun tana ƙarama, ashe yana da dalili. Daga ranar ba ta da zance sai wannan. Muna ajin kusa da ƙarshe aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, mulkin farar hula kuma bai daɗe da dawowa ba, kowa na ganin komai zai canza. Mu ma haka muke gani. Muka gama, sakamakonta ya yi kyau, aka ba ta gurbi a wata kwalejin kimiyya a birni. Mahaifiyarta Dije har ta fara yi mata yajin tafiya.

A wannan tsakanin hannuwan Malam Ɗantala suka fara ƙin sa. Da fari ciwon ciki ne mai murɗa da maƙarƙashiya, sai faɗa ba gaira ba dalili, shi da ba a san shi da faɗa ba. Wata safiya yana cikin zuba dalma ludayin ya suɓuce, don hannun ya langaɓe daga wuyansa ya ƙi ɗagowa. Ba a jima ba na hagun ma ya bi. Aka ce iska ce, aka ce sammu ne, aka yi rubutu da tofi da hayaƙi. Hannuwa dai suka tsaya a saɓule.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Hussaini, yayan Hansatu, ɗan acaɓa. Ya gwada aikin, ya ƙona kansa, ya lalata batir ɗin wani direba, ya ce shi kam babur ya iya. To gida kuma da wannan zauren yake ci.

Malam Ɗantala ya kira 'yarsa. Hansai yake ce mata.

"Hansai, ki riƙe mini kafin in samu sauƙi. Makarantar ba guduwa za ta yi ba."

"To, Baba."

"Amma ba za ki fito zaure ba. Ba zan sa a ce budurwa tana tsugune cikin direbobi ba. Kuma in suka ji mace ce ke yi, ba mai sake kawowa."

Aka fasa wata 'yar kafa a bangon zaure ta ciki. Shi yana zaune a kan tabarma a waje, hannuwa cikin babbar riga, ya karɓi baƙi, ya yi tambayoyi da ƙarfi yadda za ta ji. Hussaini ya tura batir ta kafar, ita kuma tana bayan katanga da murhunta da ludayinta. In ta gama a turo, Malam Ɗantala ya duba ya gyaɗa kai, mai kaya ya tafi yana cewa hannun Malam sai ƙara kyau yake yi.

Shekara ta zagayo, sauƙi bai zo ba. Gurbin makaranta ya wuce. Ni na tafi kwalejin horon malamai, in na zo hutu sai in tarar da ita a inda na bar ta, zaninta duk huji, yatsunta sun yi kaushi. Takan sa ni in ba ta labarin ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, ta saurara tana goge kan batir.

Wanda ya fara gano ta Malam Maharazu ne, wani malamin Islamiyya daga Kibiya da ke kawo batir ɗin lasifikarsu. Wata rana Malam Ɗantala ya manta tambayar da ya kamata ya yi, don mantuwa ta fara damunsa, sai aka ji murya daga bayan bango a hankali tana cewa, "Baba, a tambaye shi ko a ƙasa suke ajiye shi, cikin rana." Maharazu ya amsa wa bangon, ya ce ƙwarai a rana yake wuni. Bai faɗa wa kowa ba. Sai dai batir ɗinsa ya koma lalacewa a kai a kai, har Hussaini ya fara yi masa tsiya. Da Maharazu ya turo manya neman aurenta, Hansatu ta amsa da murna. Tana son sa, mutum ne mai sanyin hali. Ta kuma gaya mini a fili cewa tana son Kibiya tun ba ta gan ta ba, don babu aikin batir a can.

Aka kai ta. Ta yi 'yan watanni hannunta ya yi laushi, ta sa lalle ya kama. A Rano kuwa Malam Ɗantala ya koma umartar Hussaini da baki, aiki yana fita yana dawowa. Mutane suka fara cewa Malam ya tsufa. Zauren ya yi shiru, tukunyar Dije ta fara kwana ba a ɗora ba.

Wata rana da hantsi Hansatu tana shara ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Hussaini ne, da batir biyu ɗaure a baya.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Baba ne ya ce ki duba masa waɗannan kawai."

Ta dubi mijinta. Maharazu ya ce, "Mahaifi ne. In kina iyawa, ni ban hana ba." Ta ce da ni daga baya, da ma a ce ya hana. Da ta samu abin faɗa wa Baba, da kuma wanda za ta yi fushi da shi. Amma ya zauna ya taya ta haɗa murhu a bayan ɗaki.

Haka babur ya riƙa zuwa yana komawa tsakanin Rano da Kibiya. Mutane na kai wa Malam Ɗantala, Malam Ɗantala na cewa a dawo jibi.

Ta yi ciki ya zube. Ta sake yi ya zube. Na ukun ya tsaya, ta haifi mace aka sa mata Mufida. Yarinya kyakkyawa, sai dai ba ta da kuzari, ta daɗe ba ta zauna ba, ta daɗe ba ta yi tafiya ba, tsararrakinta suna surutu ita sai kallo. A tsakar gidan nan ta yi rarrafe, kusa da inda ake kankare faranti, ta ɗauki ƙasa ta kai baki kamar kowane yaro.

Shekarar da aka yi ta ba da labarin gubar dalma a ƙauyukan Zamfara, Hansatu tana aiki da rana rediyo na gefenta. Wani likita yana lissafa alamomi: ciwon ciki, ɓarin ciki, yaro ya ƙi girma, babba kuma hannunsa ya saki. Ta ce tana riƙe da ludayi a lokacin, dalma na tafasa. Ta ajiye shi a hankali, ta ɗauki Mufida ta goya, ta fita ba ta ko rufe murhun ba. Ƙaramin asibitin unguwarsu ta nufa, wurin Jummai, unguwarzomar da ta karɓi haihuwarta.

Jummai ta saurare ta har ƙarshe. Ta ɗaga leɓen Hansatu ta duba dasashi.

"Tun yaushe kike wannan aikin?"

"Tun ina budurwa."

"A nan ba mu da abin gwada jini don wannan, sai birni. Amma ko ba a gwada ba, ki daina narka dalmar. Ki kwashe ƙasar wurin. Kada yarinyar nan ta ƙara zama a can."

"Za ta warke?"

"Abin da ya riga ya taɓa, ban yi miki alkawari ba. Amma kada a ƙara mata."

Sun je birni daga baya ita da Maharazu, an gwada, an tabbatar, an ba su magani. Amma kafin nan sai da ta je Rano. Ina gida ranar, ta kan katanga na ji komai.

"Baba, dalmar nan ce ta kashe maka hannu. Ita ce ta zubar mini da ciki."

"Wa ya faɗa miki?"

"Likita, a rediyo. Jummai ma ta faɗa."

"Rediyo! Dalmar da ta ciyar da ke, ta kai ki makaranta? Ubangidana ya yi aikin nan har ya mutu."

"Da me ya mutu, Baba?"

 Can ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "To in kin daina, ni da uwarki mu ci me? Ki faɗa mini. Da wane hannun zan yi noma?"

Ta fito zaure tana kuka, ta shigo gidanmu ta zauna a ɗakina. Ta ce, "Salamatu, in na ci gaba na kashe 'yata. In na bari na kashe su."  Na ba ta ruwa.

Abin da ta yi a ƙarshe shi ne ta raba aikin gida biyu. Fasa batir da narka dalma ta bari har abada. Batir ɗin da ya mutu murus a kai wa masu saye a Kano. Sauran kuwa ta ce za ta hana su mutuwa tun da wuri. Maharazu da ɗalibansa manya suka kankare ƙasar bayan ɗaki suka fitar, ya gina mata wani ɗan ɗaki a can ƙarshen gida mai tagogi biyu da ƙofa mai kwaɗo.

A ɗakin nan ta koma tunanin abin da muka karanta a makaranta. Ta lura yawancin batir ba tsufa ke kashe su ba. Ruwan rijiya da ake ƙara musu ne, da zafi, da yadda ake tatse su sai sun ƙare ƙaf sannan a kawo caji. Ta fara tarar ruwan sama a tsakiyar fili cikin roba, ba na indararo ba, don na indararo da tsatsar kwano yake zuwa. Da rani kuma ta dafa ruwa ta tari tururinsa a murfi yana ɗiga a kwalba. Batir ɗin da farin gishiri ya kama farantansa, maimakon ta fasa, sai ta sa shi a caji mai rauni ta bar shi ya daɗe, har gishirin ya saki. Wasu su farfaɗo, wasu su ƙi. Ta jera biyu iri ɗaya, ɗaya a kan katako a inuwa, ɗaya a ƙasa inda rana ke taɓawa, don ta ga bambancin da idonta. Duk abin da ta gano sai ta gaya wa Hussaini, Hussaini ya gaya wa Baba, Baba ya gaya wa masu kaya a matsayin shawararsa.

Sai dai batir ɗin da ba ya mutuwa ba ya dawowa gyara. Samu ya ragu. Malam Ɗantala ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta da kyau.

Abin da ya sake raya zauren kuma shi ne zuwan sola. 'Yan siyasa suka fara kafa fitilun titi masu faranti a ka, masu shago suka sa don cajin waya, masallatai suka sa don fanka. Kowane farantin sola kuwa da batir a ƙarƙashinsa, kuma zafin Rano ba ya barin su su yi kwana. Asibitin su Jummai ma aka sa musu, don firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa. Ba a yi nisa ba firjin ya fara ɗaukewa kafin gari ya waye. Jummai ba ta bi ta Rano ba, kai tsaye ta je gidan Hansatu.

"Ni na san mai aikin. Ki sa hijabinki ki zo ki duba mana."

Wannan ne karo na farko da Hansatu ta yi aiki a gaban mutane. Ta tarar an jibge baturan a wani akwatin ƙarfe a jikin bangon yamma, ba ka iya ɗora hannu a kai da la'asar. Ta sa aka mayar da su ɗakin ajiya mai iska, ta ƙara musu tataccen ruwa, ta roƙi ma'aikata su daina jona waya da dutsen guga a layin firji. Firjin ya koma kaiwa safe. Daga nan duk mako sai ta leƙa.

A can Injiniya Tajuddeen ya same ta, wanda ƙungiyar da ta ba da solar ta turo zagaye. Ya tambayi wanda ya matsar da baturan, aka nuna masa ita. Suka daɗe suna magana a barandar asibiti, Jummai na zaune a tsakani. Ya yaba da abin da ta yi, ya gyara mata wani kuskure a yadda take auna caji, sannan ya buɗe bayan motarsa ya nuna mata wani batir fari, marar nauyi, ba murfin zuba ruwa.

"Irin waɗannan ne za su maye gurbin naki, Malama. Ba dalma a ciki. Sun fi riƙe wuta, sun fi daɗewa. Amma aikinsu daban ne, sai an koya."

"A ina ake koya?"

"Muna da horo a Kano, na wasu watanni, da wurin kwana na mata. Kullum guraben mata ba sa cika. In kina so zan sa sunanki."

Ta dawo gida ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa. Maharazu ya ce ta je, zai kai Mufida wurin yayarsa. Ta kira ni a waya tana dariya irin ta lokacin da muke 'yan mata. Har ta ɗinka sabon hijabi.

Ana saura kaɗan a fara, Malam Ɗantala ya faɗi a banɗaki. Ƙodarsa ce aka ce ta gaza. Dije ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta iya juya shi. Matar Hussaini na da goyo da ciki. Mufida kuma da aka kai ta gidan gwaggonta don gwaji, ta ƙi cin abinci, ta zauna a bakin ƙofa tana kiran Umma, ɗaya daga cikin 'yan kalmomin da take faɗa sosai. Ba wanda ya ce wa Hansatu kada ta tafi. Kowa ma cewa yake ta je, Allah zai kawo mafita. Ita ce ta kira Injiniya ta ce ya ba wata gurbin. Ya ce zai tuna da ita a zagaye na gaba. Zagaye na gaba ya zo Baba na kwance. Daga nan ƙungiyar ta tattara ta koma wata jiha.

Ta dawo Rano da Mufida ta yi jinyarsa kusan shekara biyu, Maharazu na zuwa duk Juma'a. Tana ba shi kunu a baki, tana sauraron zaure da kunne ɗaya. Wata rana da rana tsaka ina wurin, ya dube ta ya daɗe, ya ce, "Hansai, makarantar nan taki..." Sai ya tsaya. Ta ce, "Sha kunun, Baba, zai huce." Bai ƙara tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki mutane suka yi ta yabon hannunsa. Da yawa a lokacin sun riga sun san gaskiya, amma ba wanda ya ga dalilin faɗa. Bayan arba'in Hussaini ya sayar da babur ɗin haya, tun da acaɓa ta ja baya, ya zauna a tabarmar Baba. Yanzu gidaje biyu ne ke kallon hannun Hansatu, ga Dije. Ta koma Kibiya, kaya na bin ta a A Daidaita Sahu.

Mufida ta girma, tana zuwa Islamiyyar mahaifinta, tana zama a sahun ƙanana. Tana da haƙuri da son mutane, ta iya wanke-wanke tsaf, karatu ne dai ba ya zama. Hansatu ta sake haihuwa, ta samu namiji bayan ta bar dalma, lafiyarsa ƙalau, ba ta barin ko inuwarsa ta kusanci ɗakin ƙarshen gida.

Zuwana Kibiya na baya-bayan nan, muna zaune a inuwar darbejiya Hussaini ya shigo da wani farin batir a kafaɗa, na wani mai shagon sayar da magani. Ya ce ya daina ɗaukar caji, mai shi kuma ya ce a yi masa ƙoƙari. Hansatu ta sa ya ajiye a kan turmi. Ta juya shi, ta shafa gefensa, ta karanta rubutun jikinsa a hankali tana motsa baki. Ta ɗauko mitarta ta awon caji ta auna, ta sake aunawa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya, mayar masa. Ka ce ya kai Kano."

"Ko ɗan buɗewa ba za ki yi ba?"

"Ban san abin da zan tarar ba. Kada in ɓata wa mutum kaya."

"Wannan ne na uku a watan nan, Hansatu. Duk irinsu ake saye yanzu."

"Na sani."

Ya ɗauka ya fita. Ta bi shi da ido har ya wuce zaure. Sannan ta je ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta kira Mufida ta zo ta gaishe ni, ta shiga kicin ta zubo mana dambu.